Zola ya kare talakan Faransa ne ko ya ci masa mutunci?

Ɗan Damagaram: Jama'a jiya da dare na gama L'Assommoir kuma wallahi har yanzu raina a jagule yake. A lise (sakandare) littafin Germinal muka karanta, aka ce mana Emile Zola gwarzon ma'aikata ne, to a wannan littafin nasa na 1877 ni cin mutunci na gani. Gervaise mai wankau ta yi ta fafutuka har ta buɗe shagonta a unguwar Goutte-d'Or a Paris, mijinta Coupeau mai aikin rufin kwano ya faɗo daga sama ya karye, ya koma giya, ita ma ta bi sahu, ƙarshe a ƙarƙashin matakalar bene aka tsinci gawarta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne nunawa yake wai a jininta abin yake tunda iyayenta mashaya ne. Ai cewa ne talaka shi ya ja wa kansa.

Maman Ilham: Ƙanina ba kai ka fara wannan ƙorafin ba. Tun 1876 da ake buga shi kashi-kashi a jaridar Le Bien public aka yi ta surutu har suka dakatar, sai wata mujalla ce ta ƙarasa, kuma cikin masu zagin har da 'yan jamhuriya masu ra'ayin talakawa. Shi kuma a gabatarwar littafin ya ce mutanensa ba mugaye ba ne, jahilci da wahalar wurin da suke zaune ne suka lalata su.

Bazazzagi: Gabatarwa daban, aƙida daban, Hajiya. Mutumin nan a 1880 ya fitar da Le Roman expérimental yana cewa marubuci kamar likita ne a ɗakin gwaji, ya jingina da littafin likita Claude Bernard na 1865, maganar gado kuma ya kwaso wajen likita Prosper Lucas, ya gina littafi 20 kan zuri'a ɗaya daga 1871 zuwa 1893 duk don ya nuna yadda cuta ke bin jini. To wane irin gwaji ne kai ka ƙirƙiri mutanen kai ka yanke yadda za su ƙare? Shi ya sa masanin adabi Lukács a 1936 ya ce Zola siffantawa kawai yake, mutanensa kamar kaya a shago. Engels abokin Karl Marx ma a wasiƙarsa ta 1888 marubuci Balzac ya ɗora a kansa nesa ba kusa ba.

Malam na Faransanci: Bazazzagi duk abin da ka kawo haka yake, amma ka yi wa littafin hukunci da abin da Zola ya faɗa a kan kansa, ba da abin da ya rubuta ba. Ɗan Damagaram ina ka bar Goujet maƙeri? Ubansa ya yi kisa cikin maye ya kashe kansa a kurkuku, in jini ne ke hukunci ai shi ya kamata ya fi kowa lalacewa, amma ga shi mutum kamili yana zaune da mahaifiyarsa yana tara kuɗi. Kuma me ya karya shi? Injin ƙera ƙusa ne ya sauke masa ladan yini daga faran 12 zuwa 9. Coupeau kansa kafin ya faɗo gudun barasa yake, ya faɗo ba mai biyansa ko sisi don dokar diyyar haɗarin aiki sai 1898 aka yi ta a Faransa, jinyarsa ce ta cinye ajiyar Gervaise kaf, sai bashi, sai kuɗin haya, sai kai kaya jingina ɗaya bayan ɗaya, ga rusau na Haussmann, jami'in da ya sake fasalin Paris, yana keta unguwar ana gina manyan gidajen da ba nasu ba. Duk wannan yana cikin littafin shafi bayan shafi, maganar jini 'yan layuka ce.

Ɗan Damagaram: Malam na yarda na tsallake Goujet. Amma waɗannan ma'aikatan Paris ɗin fa su suka yi boren Commune a 1871, shekara shida kacal kafin littafin ya fito, aka karkashe su dubbai, sai mutum ya zo ya zana su ba ƙungiya ba tunani sai mashaya? Mai kuɗin da ya karanta ai daɗi zai ji ya ce dama haka suke.

Maman Ilham: Wannan kam ka kama shi, kuma ina ganin shi ma ya san da giɓin. A Fabrairun 1884 ya je Anzin, yankin haƙar kwal, ana tsakiyar yajin aiki, ya shiga ramin kwal da kansa a Denain, daga nan Germinal ya fito a 1885. Ranar jana'izarsa a 1902 mahaƙan Denain sun zo suna ta kiran sunan littafin da ƙarfi, su ba su ɗauke shi maƙiyi ba.

Bazazzagi: Ko a Germinal ɗin Étienne, jagoran yajin aikin da ke cikin littafin, ɗan Gervaise ne, kuma an ce mana da ya sha sai sha'awar kisa ta gado ta taso masa, har ya kashe abokin gabarsa Chaval a cikin rami. Bai taɓa sakin maganar jinin nan ba.

Malam na Faransanci: Bai saki ba, amma yajin aikin ba jinin Étienne ya haddasa shi ba, kamfani ne ya zaftare kuɗin kowace kurar kwal da sunan zai riƙa biyan aikin tokare rami daban.

Ɗan Damagaram: Toh zan koma babin maƙerar Goujet in sake karantawa a nutse. Amma yadda ya bar Gervaise ta mutu har sai da wari ya sa maƙwabta suka tuna da ita, Malam wannan ban sauka ba tukuna.