Sunan gidanmu Bebeji, amma ba wanda ya taɓa zuwa: ta ina zan fara?

Ɗan Zango, Kumasi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A Kumasi aka haife ni, mahaifina ma haka, amma a takardun makaranta da fasfo duk Bebeji muke sawa a ƙarshen suna. Abin da na tashi na ji shi ne kakan mahaifina farke ne, fataucin goro ya kai shi Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja a arewacin Ghana, da garin ya watse ya gangaro nan. Bara Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Ranar addu'ar bakwai ƙaramin ɗana ya ce, "Baba, ina ne Bebeji?" Wallahi na rasa ta cewa. Abin da ya rage mana shi ne ƙanwar kakana, ta haura casa'in, takan ce "mu Agalawa ne", sai wani tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka. Ku ba ni shawara.

Malamin makaranta, Kano:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Bebeji gari ne a kudancin Kano, ta wajen hanyar Zariya, yanzu ƙaramar hukuma ce. Sai dai sunan gari ba sunan zuriya ba ne. Dubi Malam Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk garuruwa ne. Maganar tsohuwar nan ita ce bakin zaren. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, kuma masana tarihi na danganta asalin Agalawa da Buzayen Azbin waɗanda suka fara zama a ƙasar Katsina kafin su yaɗu zuwa ƙauyukan Kano. Watsewar da ka ji kuwa yaƙin basasar Salaga ne na 1892, wanda ya tarwatsa fatake zuwa Karaci da Kumasi da Ankara, duk a Ghana ta yau. Alhaji Alhassan Ɗantata ma Ba'agale ne, a Bebeji aka haife shi a 1877.

Wata uwa, Zariya:
Ɗana, ajiye maganar tafiya tukuna, ka je wurin tsohuwar nan yau ba gobe ba. Kada ka je mata da biro da takarda kamar mai ƙidaya, za ta ce ta manta. Ka kai mata goro, ka zauna a tabarma, ka kunna wayarka ka ajiye gefe. Tambaye ta wa aka yi wa takwara a gidanku. Duk wanda ake kira Abba ko Baba ko Mai-suna, sunan wani babba yake ɗauke da shi, ta nan za ka haɗa jerin kakanni. In ta ƙi faɗin wani suna, kunya ce, ka sa wata jikarta ta tambaya daga baya. In tana da tsage a fuska ka ɗauki hotonsa, tsofaffin wanzamai suna gane na kowane gida. Ni sai da kakata ta rasu na gane ita kaɗai ta san sunan ƙauyenmu.

Gardi mai rubutu:
Buɗe warƙar ƙarshe ta Alƙur'anin. Marubuta kan sa sunansu da na mahaifinsu bayan sun kammala, wani lokaci har da gari. A hankali dai, warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, kada su cakuɗe.

Wani da ya taɓa bin sawu:
Ni na nemi dangin kakana, kai tsaye na faɗa gidan da aka nuna mini. Aka ɗauka gadon gona na zo nema, ko ruwa ba a ba ni ba. Sai da na koma ta hannun mai unguwa na ce zumunci ne ya kawo ni, sannan aka shimfiɗa mini tabarma. Ka bi ta dagaci da limamin gari, da sunaye a hannunka. Kuma don Allah kada jin sunan Ɗantata ya sa ka ce ku dangi ne sai ka samu shaida. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, amma hakimai da haraji suka fi yawa a ciki, da wuya ka ga sunan farke.

Ɗan Zango, Kumasi:
Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na zauna da ita. Da na ambaci takwara sai ta dubi ɗan nan nawa ta ce sunan ubanta ne, ta fara wani kirari da ban taɓa ji ba, hawaye na zubo mata. Na naɗa a waya. Na kuma buɗe gafakar, a warƙar ƙarshe akwai sunaye uku a jere da wata kalma da tawadarta ta dushe. Malam na Kano, in na turo hoton, akwai wanda zai iya karanta mini ita?