Tafkin ninkaya na gida ya koma kore bayan ruwan Agusta, me ya kamata a yi?

Baban Amira:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin. Tafkin gida ne a Abuja, tsawo mita 8, faɗi mita 4, zurfi daga mita 1 zuwa 1.8, da tankin tacewa na yashi. Tun watan Maris ƙwayar kulorin ake sa masa, ruwa garau. Daga tsakiyar Agusta da ruwan sama ya kankama, sai ya fara dishi-dishi, yanzu ya zama kore har ba a ganin tayil na ƙasa, bangon kuma yana santsi. An ƙara ƙwayoyin, babu canji. Awon kulorin kusan sifili, pH (ma'aunin tsamin ruwa) 7.0. Famfo yana aiki kamar awa huɗu a rana saboda wuta. In zubar da ruwan duka ne a sake cikawa?

Injiniya Mai Famfo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada a kwashe shi duka a wannan lokacin. A ƙarshen damina ƙasa ta ƙoshi da ruwa, nauyin ruwan cikin tafkin shi ke danne shi. Idan ya zama fanko, ruwan ƙarƙashi zai iya tsaga kankaren ko ya ɗaga tayil, kuma wannan gyaran ya fi kuɗin magani nesa ba kusa ba.

Santsin bango ya nuna gansakuka ce. Ruwan sama ya taimaka mata, amma ina zargin ƙwayar kulorin ɗin. Irin wadda aka rubuta 90% a jikin bokitinta tana ɗauke da wani sinadari mai kare kulorin daga zafin rana, a kayan awo ana rubuta shi CYA. Kulorin yana ƙarewa, shi kuwa yana nan, sai dai a rage ruwa. Duk ppm 10 (ppm shi ne ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa) na kulorin da ƙwayar ta bayar, tana barin kamar ppm 6 na CYA. Wata shida ana haka, ya taru. Daidai ga CYA shi ne ppm 30 zuwa 50. Idan ya doshi 90 ko 100, kulorin ɗin da ke cikin ruwan ya yi sanyi, ba ya iya cin gansakuka da sauri, ƙara ƙwaya kuma ƙara matsalar ne. Ƙwayar tana da tsami, ita ma tana jan pH ƙasa.

Kafin a sayi komai, a auna CYA da alkaliniti (ƙarfin ruwa na riƙe pH kada ya yi ta sauyawa) a faɗa mana.

Baban Amira:
Na gode, Injiniya. An auna: CYA 90, alkaliniti 50.

Injiniya Mai Famfo:
To, magana ta fito. Ruwanka lita dubu 45 ne (8 × 4 × 1.4). A kashe famfo, a juya bawul ɗin kan tankin zuwa inda aka rubuta Waste, a kunna famfo a fitar da kashi ɗaya cikin uku ta ramin tsotso na ƙasa, a cika. CYA zai sauka zuwa 60. A bar ruwan ya gauraya, a maimaita, ya koma 40. A cire ƙwayoyin gaba ɗaya tukuna.

Sai a sake auna alkaliniti, don ruwan da aka ƙara zai canja shi. Ana so ya tsaya tsakanin 80 da 120. Gram 750 na bekin soda yana ɗaga shi da 10 a ruwa irin naka. A riƙa zubawa kashi-kashi ana aunawa. pH a gyara shi yanzu, ya zauna wajen 7.2, domin da zarar kulorin ya yi yawa awon pH yana ƙarya, ruwan gwajin ya koma shunayya.

Daga nan sai garin kulorin, irin na HTH mai 65%, wanda ba ya ƙara CYA. Gram ɗaya da rabi a kowace lita dubu yana ɗaga kulorin da ppm 1. Da CYA 40 ana buƙatar kai shi wajen 16, wato kilo 1.1 a zubin farko. A cika bokiti da ruwa, sannan a zuba garin a ciki, a motsa da sanda, a bi gefen tafkin ana zubawa famfo na aiki. Bayan magariba za a yi, rana tana cinye kulorin. A goge bango, matakala da kusurwoyi da burushi, don gansakuka tana lulluɓe kanta da yauƙi, sai an fasa shi magani ke kama ta.

Inda aka fi faɗuwa shi ne a zuba sau ɗaya a tafi. Kafin safiya gansakuka ta shanye rabinsa. A auna safe da yamma, a mayar da shi 16, kwana uku ko huɗu. Kore zai koma fari-fari kamar ruwan tsakin shinkafa, alamar ta mutu ke nan. An gama idan awon dare da na asuba ba su bambanta da fiye da ppm 1 ba. Babu mai shiga sai kulorin ya sauka ƙasa da 5 kuma ana ganin ƙasan tafkin sarai.

Hajiya Maman Twins:
Ƙari a kan maganar Injiniya, awa huɗu ta yi kaɗan, Alhaji. A kwanakin magani famfo ya kwana yana aiki, ko da janareta ne. Bayan nan awa takwas a rana, ana iya raba ta biyu. A kula da agogon fresha na kan tankin: idan ya haura da psi 8 zuwa 10 sama da yadda yake bayan wanki, yashin ya toshe. A kashe famfo, a kai bawul Backwash minti biyu zuwa uku har ruwan cikin ƙaramin gilashin da ke jikin bawul ɗin ya washe, a kashe, Rinse daƙiƙa 30, a kashe, a mayar Filter. Juya bawul famfo na aiki yana yaga robar ciki, daga nan datti ya riƙa komawa tafki.

Bayan kowane ruwan sama a rage ruwan ya dawo tsakiyar bakin da ke tsotse ganye. Idan ya rufe bakin, ganye da ƙwari sai su yi ta yawo har su nutse. A duba kuma ko ruwan lambu na gangarowa ciki, don laka da taki abincin gansakuka ne.

Kuma don Allah a raba ma'ajiyar garin kulorin da ta ƙwaya da ta asid ɗin rage pH. Garin da ƙwayar idan suka haɗu da laima suna iya kamawa da wuta, asid da kulorin kuma suna fitar da iska mai guba. Kowanne da ludayinsa, ɗakin a kulle saboda yara.

Malam Na Kubwa:
Abu biyu. Idan ruwan burtsatse za a cika da shi, a ɗebo bokiti a sa masa ɗan kulorin a gani. In ya koma ruwan ƙasa, akwai ƙarfe a ciki, sai a nemi maganin kama ƙarfe kafin babban zubi, in ba haka ba zai ɓata tayil.

Na biyu, kwalbar awo mai komawa rawaya iyakarta 3 ko 5 ne, ba za ta nuna 16 ba. Mai komawa ruwan hoda kuwa idan kulorin ya wuce 10 takan koma fari, mutum ya ɗauka babu komai ya ƙara zubawa. A haɗa ruwan tafki kashi ɗaya da ruwan gora kashi huɗu, a auna, a ninka amsar sau biyar.