Musayar waƙa: yunwar 2005 ba ta bar ni ba

Ɗan Adar, daga Yamai:
Ƴan'uwa, daren jiya barci ya ƙi zuwa. Ga abin da ya fito.

Shekarata bakwai, a ƙauyenmu na jihar Tawa,
Fari da fara na 2004 sun gama da gero da dawa,
2005 rumbu fayau, Baba ya tafi Abijan biɗa, har yau ba dawowa.
Inna ta jiƙa anza kwana da kwanaki tana sauya mata ruwa,
Ɗacin bai gama fita ba muke haɗiyewa.
Yau ga albashi, ga ɗaki, ga babur ina hawa,
Amma in na sayi burodi, rabi nake ɓoyewa.
A fada ana dariya, shayi na zagayawa,
Ni raina na gindin rumbu yana leƙawa.
Wanda ya ƙoshi, me ke hana shi jin daɗin rayuwa?

Kawu na kasuwar Wadata:
Ɗana, mu ma mun ga yunwar 1984, da ake kira El-Buhari,
Shanunmu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, muka shigo gari.
Gode wa Allah da ya raya ka, ka riƙe haƙuri,
Abin da ya wuce ba a ɗaukarsa a kai kamar buhun gishiri.

Ɗaliba a Jami'ar Abdou Moumouni:
Kawu, a gafarce ni, kai da gemu ka gan ta, shi ya gan ta yana yaro,
Jikin da bai gama ginuwa ba, wahala ce ta yi masa horo,
Ya saba zama cikin shiri, ko barci yake da tsoro,
Shi ya sa zuciya ba ta yarda ba, ko da gida ya cika da gero.

Yaya, ba rashin godiya ne ke damunka ba. Akwai binciken likitocin Amurka da aka fara bugawa a 1998, ya haɗa mutum sama da 17,000. Wanda ya fi shan wuya a gida yana ƙarami, duka ne ko tashin hankali, shi ya fi faɗawa cikin matsananciyar damuwa da ciwon zuciya in ya girma.

Kawu:
Ɗiyata, kin taɓa inda ke ciwo, ba ni da musu,
Buhun gero biyu na ƙarƙashin gadona, ba mai taɓa su,
Yara na ce mini marowaci, ban taɓa ba su labarin shanun ba, ban gaya musu.

Ɗan Adar:
Kawu, ashe ciwonmu ɗaya, kai buhu, ni burodi.
Na tuna Kaka, Allah jiƙanta, ba ta da sisi ba ta da kuɗi,
Ta tura mini ƙwaryarta ta ce ta ci, alhali ko loma ba ta kai baki ba, don in ji daɗi.

Sai da na girma na gane ba ta ci ba. Kawu, rabin burodin jiya na nan cikin leda. Ka biyo fada bayan isha'i, mu ci shi da shayi, ka ba ni labarin shanun.