Neman taimako: hasken hotuna yana ta sauyawa a cikin shago

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Don Allah a ba ni shawara.

Ina ɗaukar wa wata mai ɗinki hotunan kayanta a shagonta. Shagon ba shi da taga, sai dogayen fararen fitilu a silin. Kyamarar tana kan manual, wato ni nake saita komai da hannu: shota (tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga) 1/250 na daƙiƙa, buɗin lens f/4, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 1600, Auto ISO mai sauya shi da kansa a kashe. A kan ƙafarta take, ba na taɓa komai. Amma in na danna a jere, wannan hoto ya fito tas, na gaba ya dushe, wani kuma rabinsa ya yi ruwan ɗorawa. Farar shadda guda sai ta fito kala-kala, mai kayan kuwa tana tsoron masu saye su ce an yaudare su.

Na san wutarmu 50Hz ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, fitilun suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa na sauke shota zuwa 1/100, sannan 1/50, don ta dace da ƙyaftawar. In an kawo wuta, abin yana lafawa sosai. Da an ta da janareta sai ya dawo, ko da yake bai kai na farko ba. White balance ma, wato saitin daidaita launin fari, na tsayar da shi waje ɗaya, bai hana ba.

Shin janaretan ne ba ya riƙe 50Hz daidai? Akwai saitin da zai magance wannan, ko dole sai na kashe fitilun na koma filasha? In filasha ce, guda ɗaya da aka haska silin da ita za ta wadaci doguwar riga tun daga wuya har ƙasa? Kyamarata ba ta da anti-flicker, wato saitin da ke kauce wa ƙyaftawar fitila, kuɗin sabuwa kuma babu a yanzu. Na gode.