Ɗinkin hannu a Facebook da TikTok: aikin zan nuna ko kaina?

Maɗinkin Ƙofar Doka:
Salamu alaikum jama'a. Ni maɗinkin manyan riguna ne a birnin Zazzau, aikin hannu, gadonsa na yi. Ɗan ƙanena ya buɗe mini shafi. Na sa hoton wata riga mai adon aska takwas da na gama, sai ga wani ya ɗauke ya liƙa a nasa shafin, yana sayar da aikin keke da shi. Yanzu yaron ya dage sai na ci ado na naɗa rawani, ya ɗora busar algaita, wai al'ada mutane ke son gani. Ni kuwa da 'yar shara nake zama a zaure. Me kuka gani?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam. Ku ajiye rawanin nan sai Hawan Daushe. Ku juya rigar, a ɗauki bayan aikin kusa-kusa. Aikin keke zaren ƙasa ke tona masa asiri, na hannu kuwa ana ganin inda allura ta bi da inda aka ƙulle zare. Mu da ke ɗinki a cikin gida hannuwanmu kawai muke nunawa, da allura da zaren tsamiya a kan cinya, kuma ana saye. Ɓarawon hoto ba ya da wannan bidiyon.

Ɗalibi daga Samaru:
Baba, ni dai ina ganin a nuna fuskarku. Mai turo kuɗi daga Legas ko Ingila yana son sanin wa yake yi wa. Amma a zauren, yadda kuke. Sannan riga ba mutum ɗaya ke yinta ba. A nuna mai zane yana fitar da askar a kan yadi, a bi ta har wurin mabuga a ji ƙarar bugu. Wannan ƙarar ta fi algaitar da aka aro. Mu nan jami'ar ABU da yawanmu ba mu taɓa ganin ana bugun riga ba, alhali ga birni kusa.

Baduku:
Duk gaskiya ne. Sai dai ku shirya wa 'yan "nawa ne?", ka faɗa su ɓace. Ni ba na yanka fata sai an ba da kafin alƙalami.

Maɗinkin Ƙofar Doka:
Na gode. Hajiya, bayan rigar da rana ake ɗauka ko a inuwa? Farin zare yana ƙyalli a wayar yaron.