Neman kalma: me za mu kira “cozy fantasy” da Hausa?

1/
Jama'a, assalamu alaikum. Masu bin jerin littattafan da nake fitarwa ƙarshen kowane wata sun san yadda nake kasa abin da na karanta: na tarihi gefe, na addini gefe, sai na soyayya, na bincike, na yaƙi. To akwai wani kaso da ke ta ƙara ƙiba a jerin, kuma har yau da sunan Turanci yake zaune a tsakiyar Hausata, wato cozy fantasy. Na nemi shawara, an ba ni fiye da yadda na zata. Ga inda na tsaya, ga kuma dalilina. Wanda bai gamsu ba, fili nasa ne.

2/
Labari ne da ake ginawa a duniyar da babu ita, mai dodanni da bokaye da dabbobi masu magana, amma ba a ɗora wa jarumin nauyin ceton duniya. Babu rundunar da ke tahowa, babu azzalumin sarkin da za a tumɓuke. Damuwar ba ta wuce ko shago zai samu ciniki, ko baƙo zai samu gindin zama a garin da ba a san shi ba, ko maƙwabta biyu za su shirya. Ana yawan girki a ciki, ana shan shayi, ana gyaran tsohon gida. Kuma tun shafin farko ka san ba za a kashe maka wanda ka ƙwallafa rai a kansa ba.

3/
Littafin da ya fi yaɗa sunan shi ne Legends & Lattes na Travis Baldree, Ba'amurken da sana'arsa karanta littattafai a naɗi muryarsa. Shi da kansa ya buga shi a farkon 2022, kamfanin Tor ya karɓa ya sake bugawa kafin shekarar ta ƙare, har ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Hugo da ta Nebula, manyan kyaututtukan marubutan irin waɗannan labarai, a 2023.

Jarumar, Viv, ƙatuwar mayaƙiya ce daga jinsin dodannin da marubutan Turawa ke kira orc. Ta gaji da cin abinci da takobi, ta shiga birnin Thune, ta sayi wata tsohuwar barga da ta lalace, ta ce shagon gahawa za ta buɗe, a garin da ba a ma san mene ne gahawa ba. Takobin ta rataye shi a bango. Abin da ya fi kama ni a littafin shi ne allon da ake rubuta kayan sayarwa da alli. Ranar farko layukan ba su da yawa. Bayan an ɗauki wani ɗan ɓera mai kunya, gwanin gasa burodi, sai burodi mai kirfa ya hau allon. Can kuma wani abu ya ƙaru. Sai ka tsinci kanka kana ɗokin ganin layi na gaba, kamar yadda mai karanta littafin yaƙi ke ɗokin jin wanda zai faɗi.

4/
Ku yafe ni waɗanda ba su karanta ba, zan ɗan fasa ƙwai, domin maganar suna ta rataya a kansa: ana samun masifa a ciki, har gobara ta ci shagon. Sai dai abin da ya biyo baya ba ɗaukar fansa da zubar da jini ba ne. Abokai da masu zuwa shan gahawa ne suka taru aka sake gini. Ke nan ba rashin matsala ne ya bambanta irin wannan labari ba, yadda ake warware ta ne. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/
Su ma Turawan aro suka yi daga cikin gida. Tun da daɗewa suna da cozy mystery, labaran binciken kisa da ake yi a ƙauye ba tare da an nuna jini ba, irin na Miss Marple ta Agatha Christie, tsohuwar da ke saƙa tana gano mai laifi. Bayan kullen korona na 2020 mutane suka ƙosa da labaran tashin hankali, masu tallan littattafai a TikTok suka ɗaga sabon sunan, har aka koma ana liƙa shi a kan tsofaffin littattafai kamar Howl's Moving Castle na Diana Wynne Jones, wanda ya fito tun 1986.

6/
Rabin farko na aikin, fantasy, bai ba ni wahala sosai ba.

Tatsuniya tana da gidanta: ga ta nan ga ta nanku, Gizo da Ƙoƙi, ƙurunƙus. Littafi mai shafi ɗari uku ba zai shiga wannan riga ba. Hikaya tana zuwa da darasi a hammata. Ƙagaggen labari ya haɗa kowa da kowa, har na soyayyar da aka yi a Sabon Gari. Wani ya ce labarin aljanu, amma aljanu a wurinmu ba ƙage ba ne, kuma wanda ya ji sunan zai shirya wa tsoro. Ke kuwa da kika ce labarin tsafi, ki gwada cewa Mama ta ba ki kuɗi ki sayi littafin tsafi, ki zo ki ba mu labarin yadda kuka ƙare.

Saura almara.

7/
Wani malamin Hausa ya ja kunnena cewa a aji almara tana da ma'anarta: gajeren labari, sau da yawa mai ƙarewa da tambaya, a ce cikin mutum ukun nan wa ya fi gwaninta. Gaskiyarka, Malam, Allah ya ƙara sani. Sai dai a bakin jama'a, idan aka ce “wannan ai almara ce”, abin da ake nufi shi ne abin da hankali ba zai ɗauka ba. Wannan ma'anar nake so. Mu bar wa ƙagaggen labari duk abin da aka ƙirƙira, mu keɓe almara ga wanda ya tsallake dokar duniyar da muka sani. Ɗalibanka ba za su ruɗe ba, in sha Allahu, kalma ɗaya ta saba ɗaukar kaya biyu.

8/
Inda aka yi gumi shi ne cozy. Mafi yawan masu ba da shawara ɗumi suka kawo, almara mai ɗumi, kuma na fahimci dalili. Abin da Bature ke gani idan ya faɗi kalmar shi ne ɗan ƙaramin ɗaki, wuta na ci a murhu, bargo a kafaɗa, ƙanƙara na zuba a waje.

Ban ɗauke ta ba. Labari da ɗumi sun riga sun yi aure a Hausa, kuma abin da suka haifa daban ne: labari da ɗumi-ɗuminsa, na gidan rediyo. Ga shi yawancin masu rubutu da waya ba sa sa ƙugiya, sai ɗumi ya koma dumi, wato surutu, kishiyar abin da ake nema.

9/
Babban dalilin kuma ya fi waɗannan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mutumin Ingila sanyi ne abokin gabarsa, shi ya sa jin daɗinsa yake wajen wuta. Mu rana ce ke dukanmu, kuma harshenmu ya ajiye shaidar haka. Ku duba inda muke kai zafi: zafin rai, zafin kai, ɗaukar zafi, rigima ta yi zafi. Ku duba inda muke kai sanyi: raina ya yi sanyi, ka sanyaya min zuciya, sanyin idaniyata. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, ka ce masa ga littafi mai ɗumi, ba ka tallata masa komai ba.

Wata Anti daga Jos ta ce ita dai ba ta yarda ba, ai muna da hunturu, muna da jin ɗumi a bakin murhu da asuba, muna da ɗumin jikin uwa. Haka ne, Anti, kuma ku mutanen Jos kuna da hujjar da ta fi ta kowa. Amma hunturu baƙo ne na 'yan watanni, sunan kuwa shekara zai yi yana aiki.

10/
Sauran da aka kawo, a gurguje.

Almarar natsuwa tana da kyau a kunne, sai dai tana ƙanshin wa'azi. Almarar kwanciyar hankali ta yi tsawo, kuma ana iya karanta ta a juye, kamar ana cewa kwanciyar hankalin ce almara. Almarar zaman lafiya ta fi ta wannan ciwo, kai ka ce kanun sharhin siyasa ne. Nishaɗi da annashuwa ba su ware komai ba, mai karanta littafin yaƙi ma nishaɗi yake ji.

Wani ɗan'uwa ya ce a ce almara mai tsabta. A'a. Rashin zubar da jini ba ya nufin tarbiyyar da ke ciki ta yi daidai da tamu. Na manya ne aka rubuta yawancinsu, da al'adun masu rubuta su. Kada suna ya yaudari uba ya saya wa 'yarsa bai duba ba.

Akwai kuma masu cewa a ara kawai, a ce kozi, yadda aka ari fim da kwamfuta. Waɗancan kaya ne da suka zo mana daga waje da sunansu. Wannan kuwa yanayi ne na zuciya, kuma ba mu rasa shi ba balle mu je aro.

11/
Wadda ta kusa kayar da ni ita ce ta wata 'yar'uwa daga Damagaram: almarar lumana. Gajeriya ce, tana da daɗin faɗa. Yaya, da ƙuri'a aka kaɗa wataƙila ke za ki ci. Abin da ya hana ni shi ne lumana ta daɗe tana yawo da zanga-zanga da teburin sulhu, har in an ambace ta sai ka ji kamar akwai faɗan da aka danne. Tana gaya maka ba a yi dambe ba, ba ta gaya maka za ka ji daɗi ba.

12/
Abin da na zaɓa: almarar ruwan sanyi.

Ba ni na ƙirƙiri maganar ba, tana bakin kowa. An raba gadon cikin ruwan sanyi. Ku bi shi ta ruwan sanyi. Ya karɓe kujerar cikin ruwan sanyi. A duk waɗannan akwai matsala ta gaske, har da wadda kan iya kai wa ga jini, amma aka fita ba a fasa kan kowa ba. Ku tuna gobarar shagon Viv. Sannan ruwan sanyin kansa, ba a karin magana ba, shi ne abin da ake fara miƙa wa baƙon da ya sha hanya. Kalma ɗaya ta kamo yadda labarin ke tafiya da abin da yake yi wa mai karatu.

13/
Na gwada ta a baki, domin kalmar da ba ta shiga jimla ba ta mutu tun a takarda:

“Wannan watan ba ni da ƙarfin littafin yaƙi, na ruwan sanyi nake nema.”
“Almara take rubutawa, amma ta ruwan sanyi.”
“An ce min na ruwan sanyi ne, sai ga gawa a babi na biyu.”

Ta zauna. Har tana yarda a gutsure ta a ce na ruwan sanyi kawai, kamar yadda ake cewa na soyayya.

14/
An yi min suka biyu, kuma duka suna da nauyi. Ta farko, sanyi a Hausa yana nufin lalaci ma: ɗan wasan nan sanyi gare shi, kasuwa ta yi sanyi. To ni wannan bai dame ni ba, don gaskiya da yawa daga cikin littattafan nan sanyi gare su. Tun da na Baldree ya yi kasuwa aka samu masu bin sawu: jarumi ya ajiye makami, ya buɗe shagon shayi ko na littattafai ko na burodi, kowa na son kowa, shafi ɗari uku ba abin da ya motsa. Marubucin ya ɗauka cire tashin hankali shi ne aikin, ya manta dole mai karatu ya damu da wani abu, ko da layi ɗaya ne a kan allo. Yanzu mun samu hanyar rarrabewa: wannan na ruwan sanyi ne, wancan sanyi gare shi. Shi ya sa ba na jera biyu a wata guda, sai na sa na tarihi ko na bincike a tsakani, in ba haka ba duk su narke su zama abu ɗaya a kaina.

Suka ta biyu ita ce sunan bai kamo jama'a ba, alhali rabin daɗin labaran nan taron mutane ne, kamar teburin mai shayi da dare, inda kowa ya san kujerarsa kuma an san yawan sukarin da yake sha. Wannan na amsa, sunan bai kai nan ba. Ban dai ga wanda ya kai ba cikin duk abin da aka turo.

15/
Wani ya tambaya ko muna da irinsa a adabinmu. Almara kam muna da ita tun gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Amma ɗaya tafiya ce mai nisa, ɗayan yaƙi ne, kuma littattafan yaƙi na kasuwar Kano wannan hanyar suka bi: sadaukai, matsafa, birane na rushewa. Jarumin almararmu ba ya zama a gida. Marubutanmu, ga fili nan. Dodon kogin da ya gaji da karɓar budurwa duk shekara, ya sayi kwalekwale ya koma sana'ar fito, mutanen gari na tsoron shiga, sai wata tsohuwa mai kai daddawa kasuwar ƙetare ta fara gwadawa, kuma ta tsaya tana ciniki a kan kuɗin. Ni dai zan saya.

16/
Daga jerin wannan watan, kanun zai koma Almarar Ruwan Sanyi. Sai dai kada a ce a ja sunan zuwa cozy mystery, don na gwada, abin da ya fito shi ne kisan ruwan sanyi, kuma ba na jin Miss Marple za ta amince. Masu karanta na bincike, wannan aikin naku ne, ina sauraro.