Wane sauro ne ya ciji dodon ruwa?

Gardamar ta tashi ne a zauren 'yan kallo na Argungu, washegarin da aka sake haska Jurassic World na 2015 a gidan kallo. Tushen labarin tun fim ɗin farko na 1993, Jurassic Park, shi ne: sauro ya ciji dainoso, ya maƙale cikin ƙaron itace, ƙaron ya daskare ya zama dutse, masana suka zuƙo jinin suka sake halittar dabbar. Sai ga Mosasaurus, ƙaton dodon ruwan da ke tsalle ya cafke kifin shak da aka rataya masa.

Ɗan Masunta: Salamu alaikum jama'a. Ni dai jiya ban yi barci ba don tunanin abu guda. Wanga dodon ruwa da munka gani, wane sauro ne yac cije shi? Shekara ashirin ina shiga Matan Fada da homa da gora, ban taɓa ganin sauro ya nutsa ya ciji giwan ruwa ba. Masu fim ɗin nan sun karya dokar da sunka kafa da bakinsu.

Sarkin Kallo: Wa alaikumus salam. Yaya, ba kifi ba ne fa. Numfashi yake da huhu, dole ya leƙo sama ya shaƙi iska. Lokacin da ya leƙo sauro ya samu rabonsa. Shi ke nan.

Ɗan Masunta: Tsakiyar teku? Sauron da ko iskar fanka bai iya tsaya mata?

Sarkin Kallo: To kada fa? Ba ka ganin ƙwari na bin kada in ya fito shan hantsi a kan yashi?

Malamin Bayoloji: Bari in shiga tsakaninku. Sarkin Kallo ya yi gaskiya a rabi: Mosasaurus ba kifi ba ne, ba ma dainoso ba ne, danginsa na kusa su ne guza da damo da macizai. Kuma sauro na cizon kada, yana cizon kwaɗo ma. Amma kada yana da ƙafafun hawa tudu, a tudu yake ƙwai. Shi wannan ƙafafunsa sun koma kamar filafilin tuƙa kwalekwale, kuma ƙasusuwan da aka tono sun nuna a cikin ruwa yake haihuwar 'ya'yansa da rai. Ba shi da abin da zai kawo shi gaɓa. Sannan ko mun yarda sauron ya cije shi a tsakiyar teku, sai ya yi tafiya ya dawo daji, ya sauka daidai kan itacen da ke zubar da ƙaro. Wahalar ta yi yawa ga sauro ɗaya.

Anti Nas: Malam, macen sauro za ka ce. Namiji ba ya shan jini, ruwan fure yake sha. Kullum muna faɗa wa mata wannan a wajen rabon gidan sauro.

Malamin Bayoloji: Na karɓi gyara, Anti.

Sarkin Kallo: Ku dakata, kun yi saurin yanke hukunci. Kafin fim ɗin 2015 ya fito, masu shi sun buɗe shafin talla a intanet da sunan kamfanin da ke cikin labarin. A can aka yi bayanin cewa shi Mosasaurus daga ƙasusuwansa aka samo ƙwayar halittarsa, wato DNA, da wata na'ura mai bin sawun sinadarin ƙarfe. Ba sauro a maganar sam. Saboda haka labari bai ci karo da kansa ba.

Ɗan Masunta: To mi ya sa tun farko kac ce sauro ya cije shi sa'ad da ya leƙo?

Sarkin Kallo: Sai yanzu na tuna.

Ɗan Masunta: Allah Shi kyauta. Ni naira ɗari biyu na biya na zauna bisa bencinka, abin da anka nuna a bango shi na sani. Shafin talla ba fim ba ne. In dillali ya yi maka bayanin saniya a kasuwa, bayaninsa bai zama saniyar ba.

Anti Nas: A nan ina bayan Ɗan Masunta. In ana karɓar duk abin da aka rubuta a gefe, to wanne za mu ɗauka tsakanin littafi da fim? A littafin Michael Crichton na 1990, wanda daga shi aka yi fim ɗin farko, tsohon nan mai gandun dainoso, Hammond, mutuwa ya yi, ƙananan dainoso suka cinye shi. A fim ɗin Spielberg na 1993 jirgi mai saukar ungulu ya hau ya tafi da jikokinsa lafiya lau. Shi kuma Malcolm, mai lissafin nan mai baƙaƙen kaya, littafin farko ya nuna ya mutu, sai ga shi a littafi na biyu na 1995 yana yawo. Marubucin da kansa ya tashe shi.

Sarkin Kallo: Ai wannan hujjata ce, Anti, ba taki ba. Littafi layinsa daban, fim layinsa daban. Shafin da nake magana na layin fim ne, masu fim ɗin ne suka sa aka yi shi. Ko labarin Kanta da ginin Surame in kin je wajen tsofaffi uku sai ki ji ruwaya uku, ba wanda ya ce don haka babu Kanta.

Anti Nas: Kanta ya rayu, ganuwar Surame tana nan tsaye. Kada ka haɗa shi da dodon kwamfuta.

Malamin Bayoloji: Ni abin da ke ba ni dariya shi ne kun tsaya kan sauro da ƙashi, alhali duka biyun hanya ɗaya suke mutuwa. Ƙwayar halitta ruɓewa take. A 2012 an auna ƙasusuwan wani tsuntsu da ya ƙare a Niyuzilan, mowa, aka ga duk shekara 521 rabin igiyoyin da ke riƙe da ita suke tsinkewa. Da wannan lissafin, ko a cikin ƙanƙara aka ajiye ƙashi, kafin shekara miliyan bakwai ba abin da zai rage. Mafi tsufar da aka taɓa karantawa ita ce wadda aka samo a ƙasar Girinlan aka bayyana a 2022, shekararta kimanin miliyan biyu. Dainoso da Mosasaurus kuwa sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Tazarar ba ta wasa ba ce. Ƙari a kan haka, ramin haƙar ƙaron da aka nuna a fim ɗin farko a Jamhuriyar Dominika yake, ƙaron can kuwa bai wuce shekara miliyan 15 zuwa 20 ba. Sauron da ke cikinsa bai taɓa haɗa ido da dainoso ba.

Sarkin Kallo: Amma Malam, ba an samu nama a cikin ƙashin dainoson nan T. rex ba? Na gani.

Malamin Bayoloji: An samu wani abu mai laushi kamar jijiyoyi, Mary Schweitzer ce ta bayyana shi a 2005, daga baya ta ce mai yiwuwa ƙarfen da ke cikin jini ne ya kare shi daga ruɓewa. Ina zaton daga nan masu shafinka suka ari maganar ƙarfe. Sai dai ragowar furotin ba ƙwayar halitta ba ce. Kamar ka tsinci bangon littafi ne bayan gara ta cinye takardun.

Auta: Gafara dai manya, tun ɗazu nake sauraro. Ni abin da ya dame ni, kuna ta faɗa kan na Amurka, namu na nan kusa ba wanda ya ambace shi. A zamanin dainoso teku ce ta ratsa Sahara ta rufe wani yanki na ƙasar Sakkwato. An tono ɗan'uwan Mosasaurus a yankin Goronyo, masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Kalambaina ma ragowar teku ne. Mun je aikin fili a shekarar karatu ta biyu, na fasa dutse da guduma na ga bawon katantanwar teku a ciki, ga rana tana dukan ƙeyata, ga awaki suna kiwo a gefe.

Ɗan Masunta: Auta, tsaya. Goronyon da anka yi dam? Wanga da muke sayen albasa?

Auta: Ita fa, Baba.

Ɗan Masunta: Ikon Allah. Ashe kakan damo ya yi iyo inda muke noma.

Sarkin Kallo: Kun gani ko? Da masu fim sun zo Goronyo da na'urarsu, da an wuce wajen.

Malamin Bayoloji: Da zafin nan namu? Lissafin shekara 521 ɗin a ƙasa mai sanyin digiri 13 aka yi shi. A nan da Afrilu ke kai 43, ƙwayar halittar da ta fi saurin lalacewa kenan.

Anti Nas: Ni har yanzu ba a ba ni amsa ba. Shafin talla yana cikin labari ko ba ya ciki?

Sarkin Kallo: Yana ciki, matuƙar fim bai zo ya ƙaryata shi ba.

Ɗan Masunta: Ba shi ciki, sai ran da wani ya buɗe baki ya faɗe shi cikin fim. Daren Juma'a ka sa muna na 2018, wanda dodon ya tsere ya shiga teku, mu saurara da kyau. In an ambaci ƙashi, ni ke sayen shayin kowa.

Sarkin Kallo: In ba a ambata ba fa?

Ɗan Masunta: Ka maido mani ɗari biyuna.